Salkar da Aka Tarar Ƙarƙashin Gadon Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a nan Dubai da hantsin wata Talata, yana zaune a kan kujerarsa a shagon gyaran kayan kiɗa da yake aiki a Al Karama. Likita ya ce zuciya ce. Kafin la'asar masaukinmu ya cika. Masaukin ma falo ne da aka raba da katako, ni da Kawu a ɓangare ɗaya, maƙwabcinmu ɗan Zangon Kumasi a ɗaya ɓangaren. Masu gadi sun zo da kayan aikinsu a jiki, masu gyaran na'urar sanyi da baƙin mai a hannu, 'yan matan otal sun tsaya a matakala domin babu wurin zama. Wani ɗan Fakistan da suke aiki tare ya jingina da bango yana kuka, ba wanda ya san yarensa balle ya ba shi haƙuri. Maƙwabcinmu, wanda Musulmi ne, shi ya yi ta raba ruwa yana ta'aziyya irin ta mutanen Kumasi, yana cewa, "Due o, due. Tsoho ya tafi bai ko yi mana sallama ba."

Wadda ta fi kowa kuka ita ce Mama, shugabar zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Dattijo kuma, wanda ke jagorantar sujadarmu domin ba mu da zaunannen fasto, ya tashi ya sanar cewa ran Asabar za a yi sujadar bankwana, kafin a sa gawa a jirgi zuwa gida.

Na daɗe ina shakkar rubuta abin da ya biyo baya. Ina tsoron in ɓata wa wani rai, kuma ba kowane abu na gani da idona ba. Amma labarin ya riga ya isa garinmu a karkace, kuma ba na son ya zama shi kaɗai za a riƙa tuna Kawu da shi.

Washegari matan zumunta suka zo haɗa kayansa. Ina baranda ina waya kan takardun gawa sai na ji ihu. Sun jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin tsohon zane mai laima. Da Mama ta warware, sai ga fatar akuya sukutum, ba kai, an ɗaure ƙafafuwan da jan zare, an rataya mata shuɗɗan duwatsu da tuntaye, ga wasu karare biyu cushe a wuya. Fatar tana ƙyallin mai, kusa da ita kuma kwalbar man zaitun. Mama ta ɗaga ta, sai fatar ta yi kuka. Ni ma na ji daga baranda, siririn kuka kamar na ɗan akuya da aka taka wa ƙafa.

"Jinin Yesu!" in ji Mama, ta yar da ita. Matan suka yi waje suna ture juna.

Aka kira Dattijo. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Ɗana," ya ce da ni, "kai kake kwana ɗaki ɗaya da shi. Mene ne wannan?"

"Baba, abin busa ne. Ina jin sunansa habban, na Larabawan bakin teku."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Shi ya faɗa mini."

Ya nuna akwatin da ke saman kabad, inda Kawu ke ajiye algaitarsa ta soja. "Waccan na san ta. Tana da riga, tana da sanduna. Wannan ina nata? Ka taɓa ganin ya busa ta?"

Kowa ya zuba mini ido. Na san amsar da za ta kashe maganar nan take, amma ba ita ce gaskiya ba. Na ce, "Ban taɓa gani ba, Baba. Ba ya busa a gida."

"Ran Asabar da yakan saɓa jaka ya fita, ina yake zuwa?"

"Yana haye ruwa zuwa Deira, wurin wani abokinsa."

"Wane ne?"

Ban san sunansa ba. Kawu bai taɓa kiransa da komai ba sai "Yayana".

Dattijo ya ce, "Ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba. Amma ba zan tsaya gaban jama'a in ce bawan Ubangiji ya koma gida ba, alhali ban san abin da yake shafa wa mai a ƙarƙashin gado ba. Sujadar nan a dakata da ita tukuna."

Da tsinken tsintsiya aka tura fatar cikin baƙar leda, aka ajiye a baranda, aka ce kada kowa ya taɓa. Lokacin zafi ne, irin zafin da ƙarfen baranda ke ƙona hannu. Na ce wataƙila rana za ta lalata ta. Mama ta ce, "Ta lalace mana. Ajiye ta za mu yi?"

Wani ya ɗauki hoto, ban san ko wane ne ba, kuma ban bincika ba. Kafin yamma 'yar Kawu ta fari, wadda nake kira Yaya, ta bugo daga gida. Ta ce hoton ya zaga gari, faston garinmu ya aiko yana tambaya, wasu kuma sun fara cewa ba za a shiga da akwatin Baba majami'a ba. Ta ce, "Ƙanena, kai ne a can. Ka yi wani abu. Mahaifina ba matsafi ba ne." Na ce mata na sani. Ta ce, "Saninka ba zai binne shi ba."

Bari in faɗi wane ne mutumin da ake wannan magana a kansa.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a ƙungiyar badujala ta soja, yana busa irin algaitar nan ta mutanen Sikotilan, mai jakar iska a hammata da sanduna uku a kafaɗa masu gurnani ba tsayawa. Shi yana kiranta algaitar salka. Yakan ce, "Mai algaitar garinmu kumatunsa ne salkarsa. Bature ya gwada ya ga nasa kumatun ba za su iya ba, sai ya je ya ari fatar tunkiya." Bayan ya yi ritaya wani ya nemo masa aiki a nan, domin ana buƙatar mai gyaran irin waɗannan kaya saboda ƙungiyoyin makarantu da masu busa a wurin biki.

Idan ka same shi a shago da saura lokaci, sai ya zagaya da kai duniya. Ya ce kusan duk ƙasar da ake kiwon awaki da tumaki tana da tata salkar. Ta mutanen Tunus tana da ƙahonin sa biyu a baki. Ta mutanen Ayalan ba a hura ta da baki, zuga-zugi ake matsawa da gwiwar hannu kamar na maƙeri, kuma a zaune ake kaɗa ta. "Ta masu sanyin hali ce," in ji shi, "irin taka ke nan, Malam Wataƙila." Haka yake kirana, domin ya ce tun ina yaro ko sunana aka tambaya sai na yi tunani. Masu arahar nan da baƙi ke saya don tsaraba kuwa, yakan ce ado ne kawai, suna yoyon iska kamar tayar keke. Game da habban ya taɓa ce mini, "Wannan ce kakarsu duka. Ba riga, ba sanduna, akuya ce da kara biyu." Ban san ko masana tarihi za su yarda da haka ba. Ina faɗin abin da ya faɗa ne.

Abin da na gani da idona shi ne yadda yake kula da ita. In ya dawo aiki ya ci abinci, wani lokaci sai ya jawo ta ya ɗora a cinya, ya shafa mata mai da tafin hannu, lungu-lungu. Ya hura mata 'yar iska ya toshe bakin, domin in aka bar ta a lanƙwashe fatar kan manne da juna. Sannan ya naɗe ta da zane mai laima, saboda iskar na'urar sanyi tana busar da fata. Wannan 'yar iskar da ya bari ita ce ta yi kuka a hannun Mama. Na yi ƙoƙarin bayyana haka, amma lokacin ba mai sauraro.

Yana da zafin rai, ba zan ɓoye ba. Wata shekara gab da Kirsimeti ya nemi ya busa ta soja a sujada. Zauren da muke haya bango ɗaya ne ya raba shi da na 'yan Filifin, su ma suna tasu sujadar a lokaci guda. Dattijo ya ce to, amma ya busa a hankali.

"A hankali?" in ji Kawu. "Baba Dattijo, wannan ba ta iya raɗa ba. Ko ta yi shiru, ko unguwa ta ji."

"To ta yi shiru."

"Amma gangar yaran nan da ke fasa mana kunne kowane mako, ita mai tsarki ce?"

Suka yi makonni ba sa magana sai ta bakina. Suna zaune benci ɗaya, Dattijo zai ce, "Ka gaya wa kawunka ya matsa." Kawu ya ce, "Ka gaya masa bencin ba na kakansa ba ne." Daga baya sun koma gaisawa, amma Kawu bai sake kawo maganar busa a majami'a ba. Ban ce wannan rigimar ce ta sa Dattijo ya dakatar da sujada ba. Ina ganin tsoro ne na gaskiya ya kama shi, kamar yadda ya kama sauran.

Mama ma ba ƙiyayya ce ta motsa ta ba. Lokacin da mijinta ya rasu a gida, ba ta sami izinin tafiya daga wurin aiki ba, aka binne shi tana kallo ta waya. Ta daina cin abinci. Kawu ya ɗauki 'yar sarewar da ake koyon yatsu da ita, wadda ba ta da ƙara, ya riƙa zuwa bayan aiki yana zama a bakin kicin ɗinta yana busa mata waƙoƙin sujada, duk wadda ta zaɓa. Ba ya yi mata wa'azi. In ya gama sai ya ce, "Ƙanwata, mai busa fa da yunwa yake. In ba za ki ci ba, ki dafa mini." Da haka ta koma girki, da haka ta koma ci. Saboda haka ranar da aka ga fatar, bayan mutane sun ragu, na same ta a matakala tana kuka tana cewa, "Da bakin nan ya busa mini waƙar Ubangiji. Da bakin nan."

Ran Alhamis na wuni ina neman lambar abokin a wayar Kawu, amma wayar a kulle take. Ledar tana baranda, ina kallonta ta gilashi, ban taɓa ba, domin an ce kada kowa ya taɓa. Da maƙwabcinmu ya dawo aiki ya ga halin da nake ciki sai ya kira ni yadda 'yan Kumasi ke kiran aboki, ya ce, "Masa, me ya sa ba ka tambaye ni ba? Na taɓa ɗaukar masa jakar nan lokacin da gwiwarsa ke ciwo. Na san shagon. Gobe in na sauko Juma'a mu tafi."

Muka hau abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke ƙetarar da mutane daga Bur Dubai, muka sauka a Sabkha, a ɓangaren Deira. Duk tsawon hanya ina tunanin idan shagon a rufe yake fa, idan mutumin ya ƙi zuwa fa, idan kuma, Allah ya gafarta mini, akwai abin da ban sani ba game da Kawu fa. Maƙwabcinmu ya bi da ni ta lunguna har wani shagon igiyoyi da kayan kamun kifi. Wani tsoho mai farin gemu yana zaune a ciki, ɗansa yana kan kanta.

Tsohon ya gane maƙwabcinmu, ya yi murmushi, ya leƙa bayanmu yana neman mutum na uku. A nan na gane bai ji labarin rasuwar ba. Gobe Asabar, yana jiran Kawu.

Ni na faɗa wa ɗan da Turanci, shi ya faɗa wa uban. Tsohon ya cire tabarau ya ajiye, ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Da ya buɗe fuska ya yi magana, ɗan ya fassara: shi ya ɗinka wa Kawu wannan salka da hannunsa, da fatar akuyar da aka yanka a bikin auren wannan ɗan nasa. Duwatsun kuwa, matarsa ce ta shirya su kafin ta rasu. Ya ce Kawu bai gama ƙwarewa ba, yatsunsa na soja ne, kowace waƙa sai su mai da ita fareti. Sannan ya tambaya ina take.

Na faɗa masa duka, har da dalilin. Na ce tana baranda, cikin leda, tun shekaranjiya.

"A rana?" Wannan bai buƙaci fassara ba. Ya miƙe yana faɗa da Larabci, yana neman sandarsa, yana cewa mu yi sauri. "Yalla, yalla!"

Muka taho da tsohon da ɗansa, na buga wa Dattijo waya daga cikin abra. Kafin mu isa, shi da Mama da wasu matan zumunta suna zaune a falo. Tsohon ya cire takalmi, ya bi maza yana ba su hannu, ya dafa ƙirji wajen mata, ya yi ta'aziyya. Dattijo ya amsa da ladabi amma fuskarsa ba sakewa. Ta bakin ɗan ya tambaya me ake yi da wannan abu.

"Biki," in ji ɗan. "Aure, salla, rawa. Kakannina sun busa shi lokacin da masu jiragen ruwa ke dawowa."

Wata daga cikin matan ta ce ƙasa-ƙasa, "Ai bori ma da kiɗa ake yi."

Na ɗauko ledar, tana da zafi kamar an sauke daga wuta. Da tsohon ya fito da fatar sai ya yi tsaki. Ta ƙandare, ta yi fari-fari a inda ta lanƙwashe. Ya nemi ruwa da kwalbar man, ya zauna a ƙasa yana murza ta a hankali har ta ɗan saki. Matan sun ja baya sun manne da bango. Ya sa baki ya hura, fatar ta fara kumbura, ƙafafuwan suka miƙe. Wata ta fara addu'a da ƙarfi. Ya matsa da hannu, kararen suka yi ɗan kuka suka mutu. Iska na fita ta wani tsage a gefen ciki, muna jin hucinta.

Ya sake hurawa, ta sake saɓewa. Na dubi Dattijo, na ga ya fara tattara rigarsa kamar mai shirin tashi. Idan ya fita ba tare da ya ji busa ba, ban san me zan ce wa Yaya ba.

Tsohon ya nuna tsagen, ɗan ya ce, "Yana son wani ya danne nan da yatsa. Hannuwansa biyu za su kasance a kan kara."

Na durƙusa na danna. Fatar da mai, hannuna da gumi. Da zarar ta cika sai yatsana ya zame. Muka gwada, ya zame. Muka sake, ya zame. Tsohon yana haki, ba yaro ba ne.

"Kai, matsa," na ji an ce a bayana. Mama ce. "Ko kaza ba za ka iya riƙewa ba."

Ta durƙusa. Ta miƙa hannu, ta janye, ta sake miƙawa. Ta tattaro fatar da yatsu biyu ta matse tsagen, yadda ake matse bakin buhu. Ta shafa gefen da ɗaya hannun, ta kai hanci ta shinshina.

"Akuya ce," ta ce, ba da kowa take ba. "Akuya ce kawai. Ba ta ma kai tamu girma ba."

Tsohon ya hura har ta cika, ya rungume ta, ya ɗora yatsu. Ƙarar da ta fito ta cika falon, kaifi da sauri, kara biyu suna bin juna, har gilashin baranda yana amsawa. Waƙar rawa ce. Ɗan ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce babansa na neman afuwa, bai san waƙar makoki a habban ba, ta aure kaɗai ya iya. Haka ya yi ta busa waƙar aure a gidan rasuwa, hawaye na bin gemunsa, Mama na durƙushe a gabansa riƙe da fatar, ita ma tana nata kukan.

Mata biyu sun tashi sun fita, kuma ba su zo sujadar ba. Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Amma Dattijo ya zaro wayarsa, ya nemo lambar faston garinmu, ya toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Fasto! Ni ne daga Dubai. Kana jina? A'a, ba biki ake yi ba!" Ya miƙa wayar har ta kusa taɓa fatar, ya riƙe ta a nan, sannan ya mai da ita kunne. "Ka ji ko? Wannan ƙarar ita ce abin da kuka gani a hoto. Abin busa ne, ga shi a gabana, shugabar zumunta ce ma riƙe da shi. Gobe muna sujada. Ku buɗe masa ƙofar majami'a."

An buɗe masa. Yaya ta ce majami'ar ta cika har waje.

Kawu, Ubangijin da ya ara maka numfashi ya karɓi abinsa. Ya ba ka hutu a wurinsa, ya ta'azantar da 'ya'yanka da mahaifiyata, da tsohon da ke zaune a Sabkha ran Asabar babu mai zuwa wurinsa. Amin.